Na Faɗi Darasi Biyu a Sifaniya, Baba Bai Sani Ba

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan Zariya ne, ina digiri na biyu a Giranada da ke kudancin Sifaniya, kwas na shekara biyu, da tallafin karatu. Ban daɗe da zuwa ba wani abokina ya kai ni wata ƙungiya mai kula da baƙin haure da ake tsamowa daga teku. Da suka ga ina jin Hausa da Turanci da ɗan Sifaniyanci, suka roƙe ni in riƙa yi musu tafinta, aikin sa kai. Da farko sau ɗaya ne a mako, yanzu ya koma kusan kullum. Lambar wayata ta bazu, ana kirana har tsakar dare. Akwai wata uwa daga wani zango a Ghana da ke kirana tana cigiyar ɗanta, wanda ya shiga kwalekwale daga Maroko ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Barci ya ƙaurace mini. Kuɗin tallafina ma a hannun mutane suke ƙarewa. Sakamakon zangon farko ya fito, na faɗi darasi biyu, kuma ban gaya wa Baba ba. Shi tsohon alƙali ne, ba ya son wasa. Ya ga hotona a Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke garin, a wayar ƙanwata, ya aiko cewa karatu ya tura ni ba yawo ba. Ga shi abokaina sun shirya zuwa biranen Ƙurɗuba da Sebiya a hutun Ista, ana ma maganar tsallakawa Maroko bayan an rufe makaranta. In bar aikin ne? In fasa tafiyar? In gaya wa Baba? A taimaka mini da shawara.

Ɗalibi daga Giranada

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya saka maka da alheri a kan tausayin da ya sanya a zuciyarka. Zan fara da maganar da ba ka tambaya ba, domin ita ce ke ɗauke da sauran.

Zaro katin zaman da ke aljihunka ka duba, wanda suke kira TIE. Na ɗalibi ne. Ranar da za ka je sabunta shi, ofishin baƙi zai nemi takarda daga jami'a da ke nuna kana cin jarabawa kuma kana ci gaba da karatu, tare da shaidar kuɗin riƙe kai da inshorar lafiya. A cikin takardun nan babu inda za a rubuta adadin mutanen da ka yi wa tafinta. Masu ba da tallafin karatu ma yawanci suna da nasu sharaɗin a kan sakamako, don haka ka ɗauko yarjejeniyar da ka sa wa hannu ka karanta ta layi-layi a daren yau. Idan katin nan ya mutu aka ƙi sabuntawa, kai ma ka shiga sahun marasa takarda, kuma ka fi ni sanin yadda rayuwarsu take tunda kai ke jin labarinsu baki da baki.

Ban faɗi haka don in firgita ka ba. Faɗuwa darasi biyu a zangon farko abu ne mai gyaruwa. A jami'o'in Sifaniya maki daga 0 zuwa 10 yake, da 5 ake tsallakewa, kuma ɗalibi na da damar sake zama jarabawar da ya faɗi a cikin wannan shekarar karatun, ba sai ya jira baɗi ba. Ka nemi kalandar sashenku ka ga ranar. Kowane malami yana da awoyin da ya ware a mako yana zaune a ofis don ɗalibai, suna kiran abin tutoría, kuma ɗalibanmu sukan ji nauyin zuwa saboda mun taso da tsoron ofishin malami. Ka cire wannan nauyin. Ka aika wa malaman darasin biyu saƙo, ka je, ka roƙi su nuna maka inda ka rasa maki, ka tambaye su me suke so su gani a zagaye na biyu. Sannan ka ga jami'in da ke kula da kwas ɗinku gaba ɗaya. Idan zagaye na biyun ma ya kuɓuce, sai an sake rajistar darasin, kuma kuɗin rajista ta biyu ya fi na farko, ga kundin kammalawa yana jiranka a shekara mai zuwa.

Akwai kuma wani abu da nake so ka bincika a kanka da gaskiya. Idan da Sifaniyanci ake koyar da ku, mai yiwuwa harshen ma na da hannu a faɗuwar. Mutanen Andalus, yankin kudancin Sifaniya da kake, suna magana da sauri, suna haɗiye ƙarshen kalma, wanda ya koyi harshen a aji sai ya yi watanni kunnensa bai kama ba. Sifaniyancin da kake yi a wajen tafinta, na ina ke maka ciwo da yaushe ka baro gida, ba shi ne za a rubuta amsar jarabawa da shi ba. Jami'ar Giranada na da cibiyar koyar da harsuna. Wani ɓangare na lokacin da za mu ƙwato maka, can ya kamata ya tafi.

To, mu zo ga aikin sa kai. Ra'ayina kada ka bari. Ka rage shi, ka yi masa iyaka, amma kada ka bari.

Dalilina shi ne na san mene ne harshen uwa ga wanda ya sha wannan hanya. Mutum ya baro gida ya keta sahara, ya bi ta Aljeriya, ya yi watanni a dajin da ke bayan garin Nador na Maroko yana jiran dare mai kyau, sannan aka cusa shi a kwalekwalen roba. Jirgin ceto ya tsamo shi ya sauke shi a tashar Motiril, kilomita kusan 70 kudu da inda kake, an lulluɓe shi da jan bargo, ƙafafunsa sun saluɓe saboda fetur da ruwan gishiri. 'Yan sanda na iya riƙe shi har awa 72, ana ta yi masa tambayoyi da harshen da bai taɓa ji ba. A wannan hali wani ya durƙusa kusa da shi ya ce sannu, yaya jikin, ina ne ke ciwo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma masu jin Hausa da Sifaniyanci tare a wannan yanki ba su da yawa. Abin da aka rubuta daga bakinsa a kwanakin farko yana iya zama shi ne zai raba gardama: yaro ne da bai kai shekara 18 ba ko babba, yana neman mafaka ko a'a, yarinyar nan da kanta ta zo ko sayar da ita aka yi.

Saboda nauyin wannan ne ma nake cewa ka yi iyaka. Tafintan da bai yi barci ba zai juya wata uku ya koma shekara uku, ya manta da rabin jimla, ya sa wa mutum maganar da bai faɗa ba. Kuskurensa a takardar wani zai zauna, shi kuwa ya tafi gida.

Sifaniya na da dokar aikin sa kai tun 2015. Ta tanadi a rubuta yarjejeniya tsakanin ƙungiya da mai sa kai, a fayyace aikinsa da lokacin da zai bayar, a yi masa inshora, a ba shi horo, a kuma mayar masa da kuɗin da ya kashe a kan aikin, kamar na mota. Ka je wa shugaban masu sa kai na ƙungiyarku da wannan. Ka ce masa daga yau rabin yini ɗaya a mako kake iyawa, kuma makonnin jarabawa ba ka nan. Ba sai ka yi dogon bayani ko ban haƙuri ba. Turawan nan sun saba da jin wannan magana, ba sa ɗaukarta rashin kunya, mu ne muke jin kamar mun yi laifi in muka ce ba za mu iya ba. Idan ƙungiyar ta kirki ce za su gode maka su nemi wani tafintan. In suka nuna ɓacin rai, to ka gane cewa dogaro da ɗalibi ɗaya kyauta gazawar tsarinsu ce, bai kamata kai ka biya da digirinka ba.

Lambar waya kuma, ka sayi sabon layi ka ba 'yan gida da malamai da abokan karatu. Tsohon ka riƙa kunna shi a lokacin da ka ware kawai, ka sa saƙo a kai da lambar ofishin ƙungiya, da lambar agajin gaggawa ta 112 ga wanda ke cikin haɗari. Za ka ji kamar ka juya wa mutane baya, na sani. Amma wanda ya kira ka ƙarfe biyun dare yana neman lauya ko ɗakin kwana, ba ka da lauya ba ka da ɗaki, abin da za ka iya shi ne ka nuna masa ƙofar da ake samu, kuma wannan da safe ma yana yiwuwa.

Maganar kuɗi ta fi sauƙi. Kuɗin tallafi an ƙiyasta su ne daidai cikin mutum ɗaya, kuma su ne shaidar da za ka nuna ranar sabunta kati. Ka yanke wani ɗan abu da ba zai girgiza ka ba, ka ce wannan ne sadakata ta wata, in ya ƙare ya ƙare. Abu ɗaya kuma zan ja kunnenka a kai da babbar murya. Kada ka yarda a turo kuɗin kowa ta asusunka, kada ka aika wa kowa kuɗin shiga kwalekwale, kada ka zama ɗan saƙo tsakanin dangi da masu tsallakar da mutane, ko da kuka aka haɗa ka. Dokar ƙasar na hukunta mai taimaka wa shigowa ta ɓarauniyar hanya, kuma ko da niyyarka alheri ce, wanke kanka a gaban mai bincike zai ci maka lokaci da mutunci. Haka nan kada ka koya wa kowa abin da zai faɗa a hirar neman mafaka. Abin da ya faɗa shi za ka juya, ba daɗi ba ragi, kuma abin da ka ji a ɗakin nan amana ce, ba ya zuwa WhatsApp, ba ya zuwa hirar bayan sallar Juma'a.

Uwar nan ta Ghana ita ce ta fi tsaya mini a rai, kuma ina jin ita ce ta hana ka barci. Wata ƙungiyar Sifaniya mai bin diddigin waɗanda teku ta ci, Caminando Fronteras, ta ƙidaya sama da mutum 10,000 da suka rasu ko suka ɓace a hanyar shiga ƙasar a 2024 kaɗai, mafi yawansu a hanyar tsibiran Kanari. Da yawa ba a ga gawarsu ba. Ba ka da ikon ce mata yana raye, ba ka kuma da ikon ce mata ya rasu, kuma kada tausayi ya sa ka faɗi ɗaya daga ciki. Abin da za ka yi mata shi ne ka sada ta da masu wannan aikin. Ƙungiyar Red Cross na da sashen neman waɗanda suka ɓace da haɗa su da danginsu, kuma kyauta ne. Ta je ofishinsu na Ghana da cikakken sunansa, da hotonsa, da ranar da suka yi magana ta ƙarshe, da garin da ya ce zai tashi, da sunayen abokan tafiyarsa in ta sani, da duk wata alama ta jiki, tabo ko tsaga ko wushirya. Suna kuma da shafin intanet mai suna Trace the Face, inda mai cigiya ke sa hoton kansa da fatan wanda ake nema zai gani ya gane shi. Ka gargaɗe ta a kan masu kiran iyaye suna cewa ɗanku na kurkuku a wuri kaza, a turo kuɗin beli, domin akwai masu cin abinci da hawayen irinta. Bayan haka ka ce mata, Mama, iyakar abin da zan iya ke nan, zan riƙa kiranki ranar kaza mu gaisa, in na ji wani abu ke ce farkon wadda za ta sani. Ka cika alkawarin, ka haɗa da addu'a.

Rashin barcin kuma kada ka raina shi. Wanda ya daɗe yana sauraron labarin mutuwa da fyaɗe da ƙishirwar sahara, abin yakan zauna masa a ƙirji ko da ba shi ya gani ba. Jami'arku na da ofishin masu ba ɗalibai shawara a kan damuwa, ka je. In ya wuce makonni bai sauƙaƙa ba, ka ga likita. Wannan ba raunin imani ba ne, ka haɗa shi da azkar ɗinka da zama cikin jama'a a masallaci.

Saura Baba. Ka gaya masa, kuma kai da bakinka. Alƙali ya san bambancin wanda ya zo ya yi iƙirari da wanda sai da aka kawo shaidu, kuma labari irin wannan ba ya ɓoyuwa, wata rana takarda ko ɗan uwa zai kai masa. Amma kada ka kira shi hannu rabbana. Ka fara ganin malaman nan biyu, ka san ranar sake jarabawa, ka rage aikin, sannan ka kira. In kana ganin zai fi, ka fara sanar da mahaifiyarka ko wani baffanka da yake jin maganarsa su share maka fage. Kira za ka yi, ba saƙon murya ba. Bayan gaisuwa ka ce, Baba, na faɗi darasi biyu, laifina ne, na ɗauki wani aiki na taimako na bar shi ya ci lokacin karatuna, ga abin da na gyara, ga ranar da zan sake zama. Kada ka sa aikin alheri a gaba ka laɓe a bayansa, zai gane. In ya yi faɗa ka yi shiru ka saurara. Da ya ce karatu ya tura ka, bai san da faɗuwar ba, amma ka ga maganarsa ta faɗa daidai. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Sai dai ina ganin akwai abin da Baba bai sani ba game da inda ɗansa yake, kuma in ya sani zai ji daɗi. Garin da kake shi ne wanda littattafan malamai ke kira Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, wadda ta faɗi a farkon 1492. Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu suka yi ta haddacewa suna yanke hukunci da ita, mai ita Ibn Asim babban alƙalin garin nan ne, ya rasu a 1426. Alƙali Iyal mai Ashafa ya taɓa riƙe alƙalancin Garnaɗa. Ibn Malik mai Alfiyya an haife shi a Jayyan, garin da ba shi da nisa da ku ta arewa. Alfazazi mai Ishiriniya haifaffen Ƙurɗuba ne. A tsakiyar garinku, gab da babban coci, akwai ginin madarasar da Sarki Yusuf na Ɗaya ya kafa a 1349, yanzu tana hannun jami'ar da kake karatu a cikinta. Daga garin nan kuma Abu Ishaƙ Assahili ya fito, wanda ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324 ya biyo shi Mali, ya ƙare rayuwarsa a Tumbuktu. Mutumin da ya shafe shekaru da waɗannan littattafai a zaure ba zai ji sunayen nan ya ce yawon banza ba ne.

Amma kada ka kawo wannan a kiran farko, zai zama kamar kana sayen bakinsa. Ka bari ƙura ta lafa. Wata Juma'a ka hau unguwar Albaisin, ka je babban masallacin da aka buɗe a 2003, ka tsaya a lambunsa inda Alhambra ke fuskantarka ga duwatsu masu ƙanƙara a bayanta, ka kira shi ta bidiyo ka juya masa kyamara. Ka gaya masa abin da aka zana a bangon fadar ana ta maimaitawa, wa la galiba illallah. Ka bar shi ya ba ka tarihin da kansa, ina kyautata zaton ya fi ka sani.

Tafiyar Ista kuwa, shawarata ka fasa. Makon nan shi ne mafi cunkoso a Sebiya, tituna a toshe da jerin gwanon coci-coci, ɗakin kwana ya yi tsada, kai kuma ba ka da kuɗi kuma kana da bashin darasi biyu. Makon hutu guda ba lacca ba tafinta, a ɗakin karatu ya kamata ya same ka. Ƙurɗuba ba ta gudu. Bayan ka gama jarabawa ka nemi izinin Baba ka je, a yini ɗaya ana zuwa a dawo, a jirgin ƙasa ko a bas. Ka tafi da sanin cewa babban masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785 ya koma coci tun 1236, kuma ba a barin Musulmi ya yi salla a ciki, masu gadi na tsayar da wanda ya gwada. Ka shiga da natsuwa, ka kalli ginshiƙai da bakunansu masu ja da fari, ka tsaya gaban mihrabin, zuciyarka za ta yi nauyi, wannan ba makawa. Sallarka ka nemi masallacin da Musulmin garin ke amfani da shi a yau.

Maroko kuma sai ka yi lissafi da kyau. Katin zamanka na ba ka damar ziyartar ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, na ɗan lokaci, amma Maroko ba ta ciki, mai fasfo ɗin Najeriya sai da biza. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ranar mutuwar katinka. Idan ya ƙare kana jiran sabo ka fita daga Sifaniya ba tare da takardar izinin dawowa ba, wadda ake nema wurin 'yan sanda kafin tafiya, kana iya maƙalewa a waje zangon karatu ya fara ba ka. Haka abin yake in gida za ka zo hutu. Ka duba ranar da ke kan katin, ka shigar da takardun sabuntawa da wuri, kada ka sayi tikitin ko'ina sai sakamakon zagaye na biyu ya fito. In kuma Baba ya ce bana ba inda za ka, ka ce to, ka sake roƙonsa baɗi da sakamako a hannu.

Allah ya ba ka sa'a, ya bayyana wa baiwar Allah nan labarin ɗanta.

Kawu